Kuɗin Tiransifa da Sabuwar Dokar Haraji: Abin da Ya Shafe Mu

Jawabin da mai binciken kuɗin ƙungiya ta gabatar a wajen taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Mun buga shi ne bisa roƙon mambobi, saboda waɗanda ba su samu halarta ba da kuma iyalansu.



Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti, manyan baƙi, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Kwamitin shirye-shirye ya ce in yi magana a kan haraji. Na san babu wadda ta ɗaura anko ta fito taro don ta ji zancen haraji, ga kuma ƙamshin abinci yana ta leƙowa daga waje. Ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin maganar ta shafi jarin kowace mace da ke zaune a nan.

Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan batu kun san shi. Tun da aka fara zancen sabuwar doka, saƙonnin murya suke ta yawo a WhatsApp. Wannan ya ce duk kuɗin da ya shiga asusunki gwamnati za ta yanki kasonta. Wancan ya ce za a rufe asusun duk wanda ba shi da lambar haraji. Cikinmu akwai waɗanda suka daina karɓar tiransifa, mai saye ya zo da waya a hannu su ce sai tsaba, ya juya ya tafi shagon gaba. Akwai waɗanda suka kwashe kuɗinsu suka mai da ƙarƙashin katifa. Ciniki ya ragu, ga kuɗin a inda ɓarawo da gobara za su iya samun su. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. To bari mu bi maganar dalla-dalla.

Mu tuna yadda muka shigo harkar nan. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuya, har mai kayan miya da mai ƙosai sai da suka nemi lambar asusu. A lokacin ne da yawanmu muka buɗe OPay, PalmPay ko Moniepoint a wayoyinmu, kuma muka ji daɗinsu saboda alat yana shigowa nan take. Wasu sun ɗauka asusun waya daban yake da na banki, wato wani ɗan lungu ne da hukuma ba ta leƙawa. Ba haka ba ne. Waɗannan kamfanoni da lasisin Babban Bankin Najeriya suke aiki, kuma tun Disamba 2023 Babban Bankin ya ba da umarnin a haɗa kowane asusu da lambar BVN ko NIN. Asusun da ke wayarki da sunanki yake, kamar dai na banki.

Sai kuma dokar. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda 4, kuma sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Hukumar tarayya da muka sani da FIRS ta koma NRS. Amma ku riƙe wannan: harajin mutum ɗaya mai sana'ar kansa, irina da irinki, hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jihar da yake zaune ce take karɓa. Ita ce za mu riƙa hulɗa da ita.

Tambaya ta farko da kowa ke yi ita ce, shin ana cire haraji daga duk kuɗin da aka turo mini? Amsa ita ce a'a. Babu harajin da aka ɗora wa kuɗi don kawai sun shiga asusu ko suna kwance a ciki. Shi kansa Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara gyaran, ya sha fitowa yana bayyana haka. Abin da ake cirewa shi ne naira 50 a kan tiransifar da ta kai naira 10,000 zuwa sama. Wannan ma ba sabon abu ba ne, bankuna sun daɗe suna cire shi, kuma manhajojin waya sun fara cirewa tun Disamba 2024. Canjin da aka samu shi ne, a da mai karɓa ake cire wa, daga Janairu 2026 kuwa mai turawa ne yake biya. Naira 50 ce ko dubu goma aka tura ko miliyan. Cajin da mai POS yake karɓa kuma ladan aikinsa ne, ba ruwansa da haraji.

To a kan me ake biyan haraji? A kan abin da kika samu, wato riba ko albashi. Mai sana'a ana duba cinikinta na shekara, a cire kuɗin sari, kuɗin mota da dako, hayar shago, ladan yaran da ke taya ta aiki, da duk abin da ta kashe domin sana'ar. Abin da ya rage shi ake kira riba, kuma a kansa ake lissafi.

Ga yadda lissafin yake a sabuwar doka. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2 da dubu 200 da suka biyo baya, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ku lura, kowane mataki kasonsa daban. In ribarki ta wuce 800,000 da kaɗan, wannan kaɗan ɗin kawai ake yi wa lissafi.

Mu ɗauki mai awara a ƙofar gida, wadda bayan ta cire kuɗin waken suya da mai da itace take tashi da ribar naira 2,000 a rana. Ko da kullum take fitowa, ba hutun salla ba na rashin lafiya, a shekara 730,000 ta samu. Ba ta kai 800,000 ba, don haka babu abin da za ta biya. In kun raba 800,000 gida 12, za ku ga wajen naira 66,000 ne a wata. Kowace ta auna kanta da wannan. Na tabbata da yawa daga cikinmu a ƙasa da haka muke, kuma tsoron da muke ji ya fi abin da ake bin mu nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Mu ɗauki wata mai sayar da atamfa da leshi, kuma uwar adashi ce. A ƙarshen shekara ta ciro bayanan asusunta na waya, ta ga naira miliyan 6 sun shiga. Hankalinta ya tashi. Amma in aka zauna aka tsefe, sai a ga miliyan 4 da dubu 200 ne cinikin kaya. Miliyan 1 da dubu 200 zubin adashi ne, mata 10 kowace 10,000 a wata. Dubu 360 ɗanta ne yake turo mata 30,000 duk wata na cefane. Dubu 240 kuma bashi ne ta karɓa daga ƙungiya. Kuɗin adashi amana ce ta mutane ta bi ta hannunta. Abin da ɗa ya ba uwarsa kyauta ce, kuma ba a biyan haraji a kan kyauta. Bashi kuwa biya za ta yi, ba samu ba ne. Saura ciniki.

A cikin cinikin nan ta yi sarin miliyan 3, ta kashe 150,000 a mota da dako, 120,000 hayar shago, 30,000 leda da kati. Jimla miliyan 3 da dubu 300. Ribarta ta shekara 900,000 ke nan. A cire 800,000, saura 100,000. Kashi 15 na wannan shi ne naira 15,000 a shekara guda. In kuma ita take biyan hayar gidan da take zaune, doka ta yarda a rage mata kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar daga abin da za a yi wa lissafi, matuƙar ragin bai wuce 500,000 ba. In hayar 200,000 ce, an rage 40,000, harajin ya sauko zuwa 9,000.

To da a ce za a ɗauki miliyan 6 ɗin nan gaba ɗaya a matsayin riba fa? Lissafin zai kai naira 870,000. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 15,000 da 870,000. Abin da ya raba su shi ne shaida. Mace ɗaya ce, asusu ɗaya ne, amma wadda take da littafi za ta iya nuna wannan na adashi ne, wannan na ɗana ne, wannan rasit ɗin sari ne. Wadda ba ta da rubutu sai rantsuwa, kuma ofishin haraji ba ya aiki da rantsuwa. Doka ta ba jami'i dama, in bai samu rubutaccen lissafi ba, ya kintata abin da yake ganin mutum ya samu. Kintace kuwa ba kasafai yake yi wa mai sana'a daɗi ba.

Tambaya ta biyu, shin kamfanonin nan suna kai rahotonmu ga hukuma? Doka ta ɗora wa bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, har da masu manhajar waya, su riƙa miƙa wa hukumar haraji bayanan abokan hulɗarsu da hada-hadarsu ta yi yawa. Ga mutum ɗaya, ana maganar gomman miliyoyin naira ne a cikin wata guda. Mafi yawanmu ko kusa ba mu je nan ba. Amma akwai abu biyu da za mu fahimta. Na ɗaya, a kai sunanki ba ya nufin ana bin ki bashi. Dillaliyar hatsi ko ta zinare za ta iya juya miliyoyi a wata alhali ladanta kaɗan ne, rahoton yana sa a tambaye ta ne kawai. Na biyu, rashin kai sunanki bai sauke miki nauyi ba. In ribarki ta wuce 800,000, harajin yana kanki ko an kai rahoto ko ba a kai ba.

Masu 'ya'ya a Amurka za su iya tambayarsu, su ma sun sha wannan ruɗani. A can, manhajoji irin su PayPal da Venmo suna kai rahoton wanda ya karɓi kuɗin ciniki sama da dala 20,000 a hada-hada fiye da 200 a shekara. A 2021 aka yi doka aka sauko da adadin zuwa dala 600, mutane suka yi ta ƙorafi, aka yi ta ɗage aiwatarwa, har a Yuli 2025 aka mai da shi yadda yake a da. Duk wannan hawa da sauka a kan rahoto ne kawai. Harajin da ke kan ribar mutum bai canza ba ko sau ɗaya. Mu ma nan haka abin yake.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa sai tsaba. Yayata, cinikin tsaba ma ciniki ne a wurin doka, ribarsa ana lissafa ta daidai da ta tiransifa. Ƙin karɓar tiransifa bai fitar da ke daga doka ba, abokan ciniki kawai ya kora miki. Kuma ya raba ki da wani amfani, domin bayanan asusu su ne shaidar da banki ko masu ba da tallafin jari suke fara nema kafin su yarda cewa sana'arki tana tafiya. Mu kanmu a ƙungiya, in mace ta nemi bashi mai kauri, ai sai mun duba shige da ficen kuɗinta.

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke cikinmu, ku ma da ku ake. Ana cire muku haraji daga albashi, gaskiya ne. Amma in kina sayar da turaren wuta ko kayan kicin a gefe, ribar ana haɗa ta da albashin ne a yi lissafi guda, ba a ba ki 800,000 sau biyu. Haka 'yan matanmu masu kasuwanci a Instagram da WhatsApp, da waɗanda ake biya daga ƙasar waje saboda aikin da suke yi ta intanet. Kuɗin aiki samu ne, ko daga ina aka turo shi. Ya bambanta da abin da ɗan'uwa ya aiko don taimako.

Tambaya ta uku, me ake so mu yi? A tsarin yanzu lambar NIN ita ce take zama lambar harajin mutum ɗaya, don haka babu dalilin ba wani kuɗi ya yi miki wata sabuwar lamba a bayan fage. Mai sana'a ana so ta miƙa bayanin abin da ta samu sau ɗaya a shekara ga hukumar jiharta, kafin ƙarshen Maris na shekarar da ta biyo baya. Abin da aka samu daga Janairu zuwa Disamba 2026, wa'adinsa 31 ga Maris, 2027. Ko lissafinki ya nuna babu abin biya, miƙa bayanin shi ne ya fi miki kwanciyar hankali, domin tarar ƙin miƙawa a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ku duba, wadda harajinta 15,000 ne, tarar wata ɗaya ta ninka shi fiye da sau 6.

In kuma aka kawo miki takarda aka ce ana bin ki kaza, kuma kin san ba haka ba ne, kada ki jefa ta a kwaba ki ce Allah ya isa. Kina da kwana 30 ki rubuta ƙin amincewa, ki haɗa da shaidarki. In ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron ƙorafin masu biyan haraji. Hukuma tana da ikon bi ta banki ta karɓi bashin haraji, amma wannan yana zuwa ne bayan an tabbatar da bashin, an sanar da mutum, ya yi biris. Shirun shi ne yake jawo matsala.

Yanzu ga shawarwarina, kuma duk abubuwa ne da za mu iya farawa gobe.

Na farko, a raba asusu. Ɗaya na sana'a, ɗaya na gida. Buɗe asusun waya ba ya cin kuɗi. Kuɗin ciniki su shiga na sana'a, sari ya fita daga nan. Gudummawar biki, kuɗin cefane da abin da yara suka aiko su tafi ɗayan.

Na biyu, littafi. Ɗan littafin makaranta mai shafi 80 ya isa. Kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da dalili. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta zaunar da 'yarta bayan isha'i ta faɗa mata ta rubuta. A karɓi rasit wajen sari, in babu rasit a biya ta tiransifa don a samu shaida. Doka tana so a adana irin waɗannan takardu har shekara 6, don haka a samo musu jaka ko gwangwani mai murfi.

Na uku, wurin nan da manhaja take tambayar dalilin tura kuɗi, mu daina tsallake shi. A rubuta zubin adashi, ko biyan bashi, ko gudummawa, ko kuɗin atamfa. A rubuta gaskiya. Kar wata ta ce za ta riƙa sa wa kuɗin ciniki sunan kyauta, domin babu mai yarda cewa mutum 40 daban-daban suna yi miki kyautar 18,000 duk wata, daidai farashin turmi.

Na huɗu, kuma wannan har da mazajenmu da samarinmu da za su karanta a gida: a daina aron asusu. Maigida ya ce a turo kuɗin shanunsa ta asusunki, ƙaninki mai sayar da waya ya ce nasa ya cika a yi amfani da naki. Ranar da za a yi tambaya, mai sunan za a nema. In kuɗin ma na wata rigima ne, ke za a fara kira. Alhaji, don Allah a yi haƙuri a buɗe naka, ba raini ba ne.

Na biyar, 'yan damfara sun samu sabuwar hanya. Za a kira ki a ce daga ofishin haraji ne, za a rufe asusunki in ba ki faɗi lambobin da aka turo miki yanzu ba. Babu jami'in haraji ko na banki da yake neman lambar sirrinki. Ki kashe wayar. Kuma duk harajin da za ki biya, ki biya a asusun gwamnati ki karɓi rasit, kada ki tura a asusun wani mutum ko da ya zo da kati a wuya.

Sai abin da ya shafi ƙungiya. Tun a tsohuwar doka, ƙungiyar gama-kai mai rajista ba ta biyan haraji a kan hada-hadar da take yi tsakaninta da mambobinta, amma in ta fita kasuwa tana ciniki da jama'ar gari, ribar wannan cinikin hukuncinta daban. Saboda haka dole littafinmu ya raba biyun. Ina kuma roƙon kwamiti da mambobi, zubin wata da biyan bashi su riƙa tafiya kai tsaye asusun da ke da sunan ƙungiya. Na san ya fi sauƙi ki tura wa ma'aji a wayarta ki ce ta kai, amma kina ɗora mata nauyin da ba nata ba, ranar da aka tambaye ta ita kaɗai za ta tsaya. Iyayen adashi na unguwa su ma su ware asusu na adashi kaɗai, da littafin da kowace mai zubi take sa hannu ranar da ta kwasa.

Ina kuma ba da shawara, Hajiya Shugaba, a ware zama ɗaya a watan Fabrairu na kowace shekara. Kowace ta zo da littafinta da wayarta, mu da muka iya lissafi mu zauna da ita mu fitar mata da ribarta ta shekara. Wadda ba ta kai ba ta tafi gida da kwanciyar hankali, wadda ta kai mu taya ta cike takarda kafin Maris ya ƙare. Za mu iya gayyato jami'i daga hukumar jiha ya amsa tambayoyi a gaban kowa, mu ma mu tambaye shi inda kuɗin suke tafiya, domin mai biya tana da bakin tambayar maganin asibiti da kujerun makaranta. In an amince, ni na ɗauki nauyin zama na farko.

 Wadda take da tambayar da ba ta son yi a cikin taro ta same ni bayan an ci abinci, ina nan har a tashi. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gida lafiya.